TAƘAITACCEN TARIHIN RAYUWAR MARIGAYI LIKITA MILA (1872–1952)

A wannan biki na cikar ikilisiyarmu shekara 50 mun ga ya dace mu keɓe 'yan shafuka domin tunawa da ɗaya daga cikin waɗanda suka riga mu shiga gonar Ubangiji. Mun zaɓi Dokta Walter Miller, wanda iyayenmu suka sani da suna Likita Mila. Dalili kuwa shi ne, duk inda masu bi suka taru a ƙasar Daura suna karanta Maganar Allah da harshen Hausa, gumin wannan bawan Allah yana ciki. Da yawa daga cikinmu sun ji sunansa, amma ba kowa ya san cewa yawancin shekarun da ya yi a ƙasar Hausa shekarun kora ne, da jana'iza, da dogon jira ba.

HAIHUWARSA DA KIRANSA

An haife shi a shekara ta 1872 a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan. Da ya so, da ya zauna a ƙasarsu ya yi aikinsa cikin rufin asiri. Amma sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Angalikan wadda aka sani da C.M.S., yana roƙo a aike shi wurin Hausawa.

Ya kamata mu san abin da wannan roƙo yake nufi a wancan zamani. John Alfred Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891. Abokin aikinsa Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892, a Lakwajan dai. A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, waɗanda daga wurinsu ne S.I.M. ta samo asali, ita kuma ta haifi E.C.W.A. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida da rai, shi ma da ciwo. Zazzaɓi ne da atuni suke cinye su, kuma sai a 1897 ne ma wani likita mai suna Ronald Ross ya tabbatar a ƙasar Indiya cewa sauro ne yake ɗauke da ƙwayar zazzaɓin. Likita Mila ya san waɗannan sunaye duka, kuma tun da shi likita ne ya fi kowa sanin abin da ya kashe su. Duk da haka ya ce a aike shi.

KOYON HAUSA A TURABULUS

Ba a kawo shi nan kai tsaye ba. Tsakanin 1898 da 1899 an tura shi da abokansa biyu, Richardson da Dudley Ryder, zuwa Turabulus a bakin Bahar Rum, wadda a lokacin take hannun Turkawa, domin su koyi Hausa. Matasanmu za su yi mamakin jin an je ƙasar Larabawa koyon Hausa. Amma mu da muke zaune a bakin iyaka mun san cewa hanyar arewa tsohuwa ce. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Katsina, ya bi ta Damagaram da Agadas, ya ratsa hamada ta Ghat da Ghadames har Turabulus, a tafi da fata da turkuɗi da gashin jimina, da bayi ma a wancan zamani. Saboda haka akwai Hausawa da yawa a can, fatake da mahajjata da 'yantattun bayi.

A nan ne ya sadu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdul Majid Tafida, wanda ya fito tare da mahaifinsa za su aikin hajji, mahaifin ya rasu a hanya. Yaron ya zauna da su yana koya musu Hausa, sa'an nan ya ci gaba da tafiyarsa zuwa Makka. Daga baya suka sake haɗuwa, ya zama kamar ɗa ga Likita, suka dawo ƙasar Hausa tare. Ashe ɗaya daga cikin malaman Hausa na farko na mutumin da zai juya mana Littafi Mai Tsarki maraya ne daga lardinmu.

TAFIYAR KANO DA KABARIN GIRKU

A watan Janairu na 1900 mutum biyar suka tashi daga Legas: Bishop Herbert Tugwell, da Likita Mila, da Richardson, da Ryder, da Burgin. Babu jirgin ƙasa, domin dogo bai kai Kano ba sai 1911. A ƙasa da kan doki suka yi ta tafiya tare da 'yan dako, kimanin wata uku. A Zariya Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da fuska. Suka ƙara gaba, suka shiga Kano a watan Afrilu.

Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su wurin zama ba. Ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su tattara kayansu su fita daga birninsa. A cikin littattafan mishan na dā akan nuna wannan sarki kamar mugu ne kawai, amma mu muna ganin adalci ne a faɗi abin da yake gani a lokacin. A 1899 Faransawa sun ci Damagaram, maƙwabtanmu, suka kashe sarkinta. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja yana cewa Arewa duka ta shiga hannunsu. Ga Turawa biyar sun iso ƙofar gari ba tare da iznin Sarkin Musulmi ba. Wane sarki ne zai gaskata cewa makaranta da magani kawai suka kawo? Shi kansa Lugga ya riga ya gargaɗe su kada su wuce inda zai iya kāre su, ba su ji ba. Himma ta yi musu yawa, shiri kuwa ya yi kaɗan.

Suka juyo kudu, suka yada zango a Girku, garin nan da aka binne Walter Gowans shekara shida kafin nan. Ba a daɗe ba atuni ya kama Dudley Ryder. Likita Mila ya yi iyakar abin da ya koya a Landan, amma abokinsa, wanda suka zauna tare a Turabulus suna haddace kalmomin Hausa, ya rasu a hannunsa. Richardson ya kwanta ciwo, aka mai da shi gida. Kafin shekara ta ƙare gobara ta cinye bukkokinsu da ɗakin shan magani. A farkon 1901 gwamnati ta umarce su su bar Girku, suka gangara Loko a bakin kogin Binuwai. Likita da kansa ciwo ya ci ƙarfinsa, aka ɗauke shi zuwa Ingila.

In da a nan labarin ya ƙare, ba wanda zai zarge shi. Shekararsa 29, ya binne aboki, an kore shi daga gari biyu, bai yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba, jaridun ƙasarsu kuma suna sukar tafiyar da cewa ganganci ce. Da ya sami sauƙi, abin da ya sa a gaba shi ne rubuta ɗan littafin koyon Hausa, da neman hanyar dawowa. A 1902 ya dawo.

SHEKARUN ZARIYA

A 1905 aka ba shi wuri a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Yakan sa riga da rawani, Hausarsa kuwa ta kai har gwamnati takan ba shi dokokinta ya juya mata, ciki har da dokar hana bauta. Amma aikin da ya zo dominsa bai yi sauri ba ko kaɗan. Mutane suna tsoron maganinsa, iyaye suna tsoron makarantarsa. Waɗanda suka ba da gaskiya, irin su Malam Fate, ana iya ƙirga su da yatsu, kuma sun sha ƙyama daga danginsu.

Akwai masu zaton gwamnatin Turawa ta goya wa 'yan mishan baya a Arewa. A masarautu dai ba haka abin ya kasance ba. A 1903 Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, waɗanda suka gaje shi kuma, irin su Girouard da Temple, suka fassara alkawarin da cewa kada 'yan mishan su shiga masarautu sam. Aka hana wa'azi a kasuwa da kusa da masallatai. Shekara da shekaru manyan jami'ai suna neman hanyar fitar da Likita Mila daga birnin Zariya. Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Daura a rufe suke gare shi. Ya zauna fiye da shekara 20 a gida ɗaya bai san ko baɗi za a bar shi ba. Kowace safiya dai yakan duba marasa lafiya, ya koyar da yaransa, da dare ya kunna fitila ya zauna da malamai Hausawa suna juya aya bayan aya.

ISAWA DA GARIN GIMI

A 1913 wani abu ya faru wanda ya sa ya ga kamar lokacin girbi ya yi. Tun a ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda cikin karatunsa ya ga girman da aka ba Annabi Isa, ya riƙa koya wa almajiransa su ɗaukaka shi. Aka kashe shi a kasuwar Kano saboda wannan koyarwa, almajiransa suka watse zuwa wajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. Ana kiransu Isawa. Sun riƙe abin da malaminsu ya bar musu, suna jiran ranar da wani zai zo da cikakken labarin Isa. Waɗansu samari daga cikinsu suka iso wurin Likita a Zariya, suka ji, suka koma suka gaya wa iyayensu.

Aka nemi fili a Gimi, a ƙasar Zazzau, domin su zauna wuri ɗaya su yi noma su yi sujada ba tsoro. Rabaran W. A. Thompson, baƙin mutum daga tsibiran West Indies, shi ya zauna tare da su. Aka gina majami'a da makaranta, aka share gonaki, aka dasa rake. Wannan kuwa a daidai lokacin da babbar yunwar 1914, wadda tsofaffi suke kira Kakalaba, take cin mutane a Kano da Katsina da nan ƙasarmu. A karo na farko aka ga gari guda na Hausawa masu bi, maza da mata da yara. Ga mutumin da ya yi shekara 13 yana ƙirga masu bi da yatsu, ku duba irin murnar da zai yi.

Amma akwai ƙudan tsando a bakin rafin Gimi. Ciwon barci ya shiga garin. A wancan lokaci maganinsa kaɗan ne, mai haɗari kuma. Mutum yakan fara da zazzaɓi da kumburin wuya, sa'an nan ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, hankalinsa ya juya, daga nan sai kabari. Gida bayan gida aka yi ta binnewa. Waɗanda suka bar garuruwansu domin su bi Almasihu su ne suke mutuwa, maƙwabta kuma suna kallo suna faɗin abin da za su faɗa. Cikin 'yan shekaru garin ya watse. Aka kwashe waɗanda suka ragu, yawancinsu yara da marayu, aka kai su Zariya.

A ganinmu wannan ita ce jarrabawa mafi zafi a rayuwarsa, ta fi ta Kano. A Kano mutum ne ya kore shi, yana iya cewa sarki bai fahimta ba. A Gimi kuwa ba sarki, ba Razdan, ba wanda za a ɗora wa laifi. Addu'ar da aka amsa ce ta koma makoki, kuma shi likita ne, yana tsaye yana gani. Ba mu da wata amsa mai sauƙi a kan dalilin da ya sa Ubangiji ya bar wannan ya faru, kamar yadda abokan Ayuba ba su da ita. Abin da muka sani shi ne abin da ya yi bayan haka: ya ɗauki marayun nan ya sa su a makarantarsa, ya ciyar da su, ya koya musu karatu. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

HALINSA

Ba za mu ɓoye wa matasanmu ba, Likita Mila mutum ne mai wuyar sha'ani. Yana da zafin rai da kaifin harshe, in ya ga abu daidai ne ba ya sauraron kowa. Ya yi rigima da jami'an gwamnati, ya yi da abokan aikinsa. Ya daɗe yana kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a kan zalunci da cinikin bayi, ƙarar tasa kuma tana cikin abin da ya sa Turawa suka tuɓe sarkin wajen 1920 suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. Sarki Aliyu malami ne kuma shahararren mawallafin waƙoƙi, har yau akwai Zazzagawa da ba su yafe wa Likita ba. Yadda yakan yi magana a kan addinin maƙwabtanmu ma, ba haka mu da muke zaune tare da su, muna cin kasuwa ɗaya muna gaisawa a suna da jana'iza, za mu yi ba. Amma talakawa da bayi da yawa sun san ƙofarsa a buɗe take, kuma bai taɓa jin tsoron faɗa wa mai mulki gaskiya ba, Bature ne ko baƙi.

WUSASA, KANO DA LITTAFI MAI TSARKI

A 1929 abin da ya daɗe yana gudu ya faru. C.M.S. ta yarda da gwamnati a fitar da mishan daga birnin Zariya zuwa Wusasa, bayan gari. Matasan 'yan mishan da suka zo, ƙarƙashin Guy Bullen, suna ganin a can za a sami filin gina asibiti da makaranta, kuma lokaci ya nuna suna da gaskiya. Shi kuwa Likita yana ganin an ja da baya ne daga wurin da ya tsare shekara 24. Wannan karon 'yan'uwansa ne suka juya masa baya. Bai zauna a Wusasa ba. Ya koma Kano, garin da aka kore shi yana saurayi, ya duƙufa a kan aiki ɗaya da ya rage masa.

Ba shi ne ya fara juya Maganar Allah zuwa Hausa ba. Wani Bajamushe mai suna J. F. Schön ya fitar da Sabon Alkawari a 1880, yana zaune a Ingila, wanda ya taimake shi da Hausa kuwa Dorugu ne, yaron da aka kama bawa daga wajen Kance, nan ƙetaren iyaka kusa da mu, wanda ya bi Barth zuwa Turai a 1855. Amma Hausar wancan littafi ba ta shiga kunnen mutane sosai ba. Likita Mila ya ɗauki aikin tun daga Farawa har Wahayin Yahaya, tare da malamai Hausawa da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, irin su Dokta Andrew Stirrett na S.I.M. Sukan yi kwanaki a kan kalma ɗaya. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a Landan, shekara 32 bayan korar Kano.

Wannan littafi ya shiga inda mai juya shi bai iya shiga ba. Ya zama littafin masu bi a Filato da kudancin Zariya da Adamawa, inda kabilu masu harsuna daban-daban suka sami harshe ɗaya na sujada. Ya haye zuwa Maraɗi da Tsibiri da Damagaram. A ƙarshen shekarun 1930, da sarakuna da gwamnati suka ba S.I.M. riƙon asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano, da Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, shi ne littafin da aka karanta wa majinyata. Da shi Maguzawan Malumfashi da Matazu suka koyi karatu. Ya yi kusan shekara 50 yana hannun jama'a kafin sabuwar fassara ta fito, har yanzu kuma akwai tsofaffinmu da ayoyin da suke kansu da tsohuwar Hausar nan suke.

'Yan makarantarsa ma sun yi tsiro. Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ɗan gidansa ne. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, daga nan ya fito. Wusasan da ya ƙi zama a cikinta ita ta reni Janar Yakubu Gowon.

Iyayenmu da suka aza harsashin wannan ikilisiya shekara 50 da suka wuce, lokacin da ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, su ma ba su da yawa, ba su kuma san ko abin zai ɗore ba. Mu ma yau muna da namu: tsadar hatsi, rashin tsaro a waɗansu sassan jiharmu, matasa masu barin gida neman aiki, da kujerun da suka zama ba kowa saboda canjin wurin aiki ko mutuwa. Marubucin Ibraniyawa, a sura ta 11, ya lissafta mutanen da suka mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta musu ba, sai dai sun hango shi daga nesa. Ryder yana cikin irinsu, haka ma mutanen Gimi waɗanda sunayen yawancinsu sun ɓace. Likita Mila ya ga kaɗan daga cikin amfanin gonar, amma taro irin namu na yau a ƙasar Daura, bai gan shi ba.

ƘARSHEN KWANAKINSA

Ya ajiye aiki da C.M.S. a 1935 ya koma Ingila, amma zaman can bai karɓe shi ba. A 1939 ya dawo Nijeriya don kansa, ba ƙungiyar da ta aiko shi. Bai taɓa yin aure ba, iyalinsa su ne yaran da ya rena da 'ya'yansu. Ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce, alƙalaminsa kuma bai daina kaifi ba: a 1947 ya fitar da littafi da Turanci wanda kansa tambaya ce, ko mulkin Ingila ya gaza a Nijeriya. Ya ƙarasa kwanakinsa a Bukuru, kusa da Jos. A can ya rasu a watan Agusta na 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a Jos.